Gaisuwa Kafin Kiɗa

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ranar Jumma'a na mayar da makullin gidan Baba na Sevran, bayan garin Paris. Gardiyan, mai kula da ginin, ya zaga ɗakunan, ya shafa bango, ya murɗa famfo, ya ce tunda yake aiki a unguwar Beaudottes ba a taɓa miƙa masa gida mai tsabta haka ba. Na ji daɗin maganar. Na rubuta ne don kada nan gaba in ce ban ji ba.

Baba yana Lyon wajen Yaya Muntaka tun da aka sallame shi daga asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Yana gane mu, yana jin abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki sai iska da wani gunaguni. Faransancin ya tafi, Hausar ta tafi. Gidan Yaya akwai asansar mai kai mutum saman bene, akwai ɗakin da ba kowa, ga matarsa Luba tana gida. Ni ɗakina na Belleville, cikin Paris, hawa na biyar ne, in na buɗe gado ƙofar kabad ba ta buɗuwa. Ba a yi gardama ba. Su suka ɗauki Baba, ni na ɗauki kwashe gidan.

Tufafinsa da littattafansa sun tafi Lyon. Gado da kujeru na ba maƙwabta. Ni na ɗauki tukunya ɗaya da dutsen guga. Komai ya tafi inda ya dace.

Talata, 8 ga Oktoba, hutun tsakar rana, bayan farmasi

Aikina a nan shi ne duba ranar da magani zai lalace. Wanda lokacinsa ya wuce in fitar da shi, in sa a jakar da ake zuwa ɗauka. Na daɗe ina yi, ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Luba ta kira. Bayan gaisuwa ta ce matar da ke zuwa koya wa Baba magana ta tambaye su abin da yake saurara tun yana saurayi. Wai akwai masu irin ciwonsa da ba sa iya cewa a ba su ruwa, amma su rera waƙa daga farko har ƙarshe, kuma ta nan ake lallaɓo maganar ta dawo. Sai dai ba kowace waƙa ba, sai wadda ta shiga jikin mutum. Luba ta rage murya, da alama Yaya yana kusa, ta ce, "Sa'ida, kwalin nan na kasetoci da ke ƙarƙashin gadonsa, yana wajenki ko?"

Na ce yana nan.

Laraba, 9 ga Oktoba, shida da rabi na safe

Ban san abin da ya sa na ce haka ba. Na sani.

Alhamis, 10 ga Oktoba, biyar na yamma, cikin jirgin RER

Ina so in rubuta abin da Yaya ya faɗa daidai yadda ya faɗa, don na lura kullum ina ƙara masa gishiri a raina. Ranar da nake kwashe gidan na kira shi daga falon Baba, kwalin yana gabana, na tambaye shi ko in haɗa da kayan Lyon. Ya ce, "Ki san yadda za ki yi da su, ba dai gidana ba." Shi ke nan. Na juya maganar ta kowace fuska, babu "zubar" a cikinta.

Yaya ba ya jin kiɗa, ba a kuma yi a gidansa. Kowa ya san haka, har Baba, wanda yakan kira shi "Malam" in yana son ya tsokane shi.

Ranar na zauna a ƙasa na ciro takardar kowane kaset, ɗaya bayan ɗaya. Kowace da rubutun ajami na Baba, kowace ta fara da bisimilla. Ba a jefa sunan Allah a pubel na shara, wannan ko yaro ya sani. Wasu sun manne da roba, sai da na sa bakin wuƙa a hankali. Ban yaga ko ɗaya ba. Da alwalata ma na yi aikin. Takardun suna cikin ambulan a saman kabad ɗina, babu abin da ke kansu.

Motar shara tana zuwa Beaudottes da safiyar Jumma'a. Ɗazu na sauka Sevran duk da haka, na ce wa gardiyan na manta wani abu a ɗakin pubel. Ya buɗe mini. An wanke wurin, sai warin sabulu.

Kwalin ba wani babba ba ne. Da ya shiga ƙarƙashin teburina. Jiya na auna.

Lahadi, 13 ga Oktoba, Lyon, bayan azahar

Dole in yi wa Yaya adalci. Shi yake ɗaga Baba, shi yake masa wanka, shi yake yanke masa farce. Na gan shi yana hura kunu a cokali kafin ya kai bakin Baba, gemunsa har yana taɓa kofin. Yana kunna masa karatu a hankali, Baba yana lumshe ido yana saurara, hankalinsa kwance. Ni da nake zuwa da jakar lemo in koma, ba ni da bakin magana.

Amma Baba yana gunagunin nan, kuma yau na gane ba gunaguni ba ne. Waƙa ce. Tana hawa tana sauka, wuri ɗaya yake maimaitawa. Da Yaya ya fita na ɗora salula kusa da bakinsa, na buɗe abin nan da ke gano waƙa. Ya yi ta juyi, ya ce bai gane ba. Na sake, ya kawo mini wata waƙar Sipaniya ta bara. Na kunna, Baba ya kau da kai.

Sai ya kama wuyan hannuna da hagunsa. Ya sake ni, ya zana ɗan akwati a iska, ya sa yatsa a tsakiya yana juyawa, kamar yadda ake naɗe zaren kaset da biro. Na ce, "Suna Paris, Baba." Ya gyaɗa kai. Ya yarda nan take, abin da ya fi mini ciwo kenan.

A kicin Luba ta gaya mini sun yi ka-ce-na-ce, Yaya da matar mai koya magana. Ita ta ce watannin farko su ne ƙofa, daga nan ƙofar tana ƙara tsukewa. Shi ya ce mutum mai shekara saba'in da biyu, ƙafa ɗaya a kabari, ba zai cika masa kunne da abin da zai ji kunyar tararwa gobe ba. Luba ta ce in kawo kawai, ita ta san lokacin da yake fita. Ta tambaye ni yaushe. Na ce kwalin yana ƙasan wasu kaya.

Talata, 15 ga Oktoba, bakwai na safe

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

Alhamis, 17 ga Oktoba, shida na yamma

Lokacin da na zo daga Damagaram ina da shekara goma sha tara, Lahadi ce ranar gugar Baba. Yakan sa kaset, ya danna abin gudu gaba, ya ɗan jira, ya saki, sai kiɗa ya tashi. Turanci ne duk, da ganga mai bugu kamar zuciya. Yana guga yana kaɗa kafaɗa, mutumin da a masallaci ake matsa masa zuwa sahun gaba. Kunya nake ji. Ina rufe taga don kada maƙwabta su ji.

Yakan fara ba da labarin karatunsa a Tarayyar Sobiyet, sanyin ƙasar, miyar kabeji, da yadda waɗannan kasetocin suka kusa sa a kore shi. Ni kuwa ina wanke-wanke, ina cewa "to, Baba", hankalina yana wani wuri. Ban taɓa tambayar sunan waƙa ɗaya ba. Shekara ashirin da wani abu ina jin su ta bango.

Ɗazu na sauko da ambulan. Na yi tunanin in sunayen suna jikin takardun, sai in nemo su a salula, magana ta ƙare ba wanda ya ji. Ajamina na makarantar allo ne, a hankali nake haɗawa. Ta farko: bisimilla, gaisuwa ga Inna. Ta biyu: gaisuwa ga Inna da mutanen gida. Na bi su duka. Gaisuwa ga Inna, gaisuwa ga Inna, sai lamba a ƙasa. Inna ita ce kakarmu, mahaifiyar Baba. Babu sunan waƙa ko ɗaya.

Na mayar da su saman kabad. Ban san me zan yi da su ba kuma.

Jumma'a, 18 ga Oktoba, hutun tsakar rana

Yau na bar kwalin wani maganin tari da ya wuce lokaci a kan kanta. Maigidan farmasi ne ya gani. Bai yi faɗa ba, ya tambaye ni ko lafiya.

Lahadi, 20 ga Oktoba, huɗu na yamma

Ban je Lyon ba. Na ce ma'aikatan jirgin ƙasa suna yajin aiki. Akwai yajin, amma ba a layin Lyon ba.

Luba ta turo mini hoton Baba a gaban taga. Ta ce ya fara ƙin matar mai koya magana, in ta nuna masa hoton kofi ko kare ta ce ya faɗi sunansu, sai ya rufe ido har ta gaji ta tafi. Jiya ya ture mata katunan ƙasa. Ta ce in ya ci gaba haka za ta rage zuwa.

Laraba, 23 ga Oktoba, bakwai na yamma

Na je Goutte d'Or wajen Baba Soumaïla. Shi da Baba jirgi ɗaya ya kai su Rasha, bursin karatu ɗaya, ɗaki ɗaya. Likitancin dabbobi ya karanto, a Paris kuma gadi ya yi har ya yi ritaya. Yanzu yana wuni a shagon waya na ɗansa, a kujera kusa da ƙofa, yana gaida masu shiga kamar shi ne mai unguwar. Bafillace ne, Baba kuwa Babarbare, don haka ba su taɓa yin maganar kirki da juna ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ina bawan nan nawa? An ce Allah ya hutar da duniya da surutunsa." Ya yi dariya, sai kuma ya daɗe yana goge tabarau.

Na ce ina so in san waƙoƙin da suke ji a can. Ya ce shi sunaye sun gudu, su ma a lokacin ba duka suka sani ba, kaset ne daga hannu zuwa hannu. Amma ya ba ni labarin da na ƙi saurara shekara ashirin, wannan karon na saurara.

A can, in ji shi, ba a sayar da kiɗan Turawan yamma a kanti, akwai ma mawaƙan da aka hana sa su a wajen rawa, wai suna lalata matasa. Samarin garin kuwa kamar su mutu a kansa. Su ba sa iya fita ƙasar. 'Yan Afirka ne masu fasfo, da bakansi, lokacin dogon hutu, su hau jirgin ƙasa zuwa Paris, su dawo da faifai. Baba yakan shimfiɗa faifan a ƙasan walis, akwatin tafiyarsa, ya ɗora tufafi, a sama ya ɗora ƙullin daddawa da aka aiko masa daga gida, ya ɗan kwance bakinsa. Ɗan duwan mai binciken kaya a kan iyaka ya buɗe, ya rufe, ya ɗaga hannu a wuce.

Shigowa ba ita ce wahalar ba, ajiyewa ce. Suna juye faifan a kaset, su raba. Gidan kwanan ɗalibai yana da wata mata da suke kira Kamanda, mai tarin makullai a ƙugu. Takan shigo ɗaki ba sallama, da samarin jam'iyya biyu a bayanta, ta ɗauki kaset ta sa, ta danna. In an kama baƙo, a yanke bursi a mayar da shi gida. In ɗan ƙasa ne ya fi muni. Na ukunsu a ɗakin, wani yaro ɗan garin mai son jita, haka aka kama shi da kaset da Baba ya juye masa. Aka kore shi daga makarantar, aka tura shi soja. Bai faɗi wanda ya ba shi ba. Baba ya yi mako bai ci abincin kirki ba.

"Daga nan ubanki ya zauna ya yi tunani," in ji Baba Soumaïla, "ya gano abu ɗaya. Bature ba ya da haƙurin gaisuwa."

Shi ne Baba ya fara buɗe kowane kaset da gaida Inna, kamar wasiƙar murya da ake aikawa gida. Ya gaishe ta, ya gaida duk mutanen gidan, ya bi maƙwabta gida-gida, in mutane sun ƙare ya koma kan dabbobi. Kamanda ta sa, ta ji baƙo yana ta magana da uwarsa cikin wani yare, ta tsaya minti ɗaya, biyu, ta tsuke baki ta cire. Wata rana har hawaye ta yi, ta ce ita ɗanta ba ya ko rubuto mata. Kiɗan yana can bayan gaisuwar yana jira.

Baba Soumaïla ya ce har Rashawa abokansu duk da irin kaset ɗin suke yawo. Akwai wanda ya haddace, in ya gan su a layin abinci sai ya ce "ina gajiya". Ya ce in ana neman tsofaffin da suka san sunan jakin gidanmu, a je can cikin ƙanƙara, za a samu. Inna kuwa ba ta taɓa samun kaset ko ɗaya ba, ita takarda yake aika mata, layi huɗu.

Na yi dariya. Sai ya ce, "To ke me ya kawo ki wajena? Nasa sun fi talatin. Ina suke?"

Na ce suna cikin kaya, ban kai gare su ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya aiki ɗansa ya kawo mini shayi, ya shiga tambayata aiki da sanyi da kuɗin haya, duk abin da bai shafi maganar ba. Da zan tafi ya ce in dawo Jumma'a.

Jumma'a, 25 ga Oktoba, shida na yamma

Kaset ɗaya ne. Baba ne ya juye masa a shekararsu ta ƙarshe. Ya naɗe shi a cikin hula, ya haɗa mini da ƙaramar rediyo mai cin kaset da batir sabo. Ya ce aro ne: in Babarbaren ya riga shi tafiya in dawo masa da abinsa, in shi ya riga, to bawa ya gaji ubangidansa.

Bai sake tambaya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Asabar, 26 ga Oktoba, tara na safe

Na sa shi don in gwada. Na ji "assalamu alaikum" na kashe. Ina tsoron rediyon ta cinye zaren. Shi kaɗai ne.

Laraba, 30 ga Oktoba, hutun tsakar rana

Na kira Luba na ce Asabar. Ta ce Yaya yana aikin safe ranar, ba zai dawo ba sai la'asar. Muna magana ƙasa-ƙasa, ni a Paris ita a Lyon, kamar yana jin mu.

Na tambayi kaina ko abin da zan yi laifi ne. In Yaya ne da gaskiya fa? Gidansa ne, shi yake ɗauke da nauyin, kuma ba mugunta ta sa shi ba, tsoro yake ji wa Baba. Ni da na ƙi kiɗan nan tun farko, yanzu ni ce zan shigar da shi ta bayan gida. Ban sani ba ko don Baba nake yi ko don kaina.

Asabar, 2 ga Nuwamba, takwas na safe, cikin jirgi

Rediyon tana ƙasan jaka, naɗe a zane. A sama na ɗora daddawar da Luba ta ce in sayo mata a Château Rouge. Sai da na zauna na lura da abin da na yi. Matar da ke kusa da ni ta canza kujera.

Asabar, biyar na yamma, ɗakin yara

Yaya ne ya buɗe mini ƙofa. An ɗage aikin. Luba tana bayansa, ta zaro mini ido.

Muka ci abinci. Baba yana kujerarsa gaban taga, ya rame, bai ko yi gunagunin ba. Na ga in na koma da abin nan a jaka ba zan sake kawo shi ba, na san halina. Na fito da rediyon na ɗora a kan tebur. Kafin Yaya ya yi magana na ce muryar Baba ce, yana gaida Inna, tun yana Rasha. Ban yi ƙarya ba. Yaya ya dubi kaset ɗin, ya dube ni. A hannun Inna ya tashi. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa, ta ɓangaren da Baba ba ya iya waigawa.

Na danna. Shuuu na tsohon zare, sai murya. Siririya ce, mai sauri, kamar ta wani ƙanenmu da ba mu sani ba.

"Assalamu alaikum. Inna, ni ne Mai Moussa. Ina kwana?"

Sai shiru. Ashe yana barin wuri bayan kowace gaisuwa, kamar tana gabansa za ta amsa.

"Ina gajiya?"

Shiru.

"Ina ciwon gwiwa?"

A cikin shirun nan na uku Baba ya ce, "Da sauƙi."

Ba gunaguni ba. Da sauƙi, sarai, da muryarsa ta da. Luba ta dafe bakinta. Saurayin cikin kaset ya ci gaba, ina aikin gona, ina ruwan rijiya, ina mutanen gidan Liman, tsohon kuma yana amsa masa, lafiya lau, sai godiya, suna nan lafiya. Wasu suna maƙalewa, ya bar su, ya tari na gaba. Ya gaida Mama, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, da sunan da ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Ya tambayi jakin Baffa ko ya daina cizo. Baba ya ce, "Bai daina ba," har gefen bakinsa mai rai ya ɗaga.

Sai muryar ta ce, "Ina ɗana Muntaka, wanda ban gani ba tukuna? An ce ya yi haƙori biyu. Inna, kada a bar shi ya yi ta kuka."

Wannan Baba bai amsa ba. Ban waiga na dubi Yaya ba.

Gaisuwar ta zo ƙarshe, Allah ya sada mu da alheri, sai wani ƙas. Na san abin da ke biye. Na kai hannu na kashe.

Baba ya dubi rediyon. Ya ɗago ya dube ni, ya matso da kai, ya tattara bakinsa da ƙyar, ya ce cikin raɗa, "Ya tafi?"

Duk mun san wa yake nufi.  Yaya ya tsaya kamar an kafe shi. Sannan ya juya, na ji yana neman takalmi. Daga bakin ƙofar waje ya ɗaga murya ya ce wa Luba zai tafi la'asar, daga can kuma akwai wanda zai gani, zai daɗe. La'asar da saura. Ya ja ƙofar a hankali.

Na danna.

Ganga ce ta fara, sai wata mata da Turanci, muryarta tana rawa saboda tsufan zaren. Ita ce waƙar da yake ta gunaguni, wurin nan da yake maimaitawa ya zo na gane shi. Hannun hagu ya fara bugun gwiwa. Da aka zo amshi sai ya shiga, layi guda cur, da kalmominsa, Turancin da ko lokacin da yake da lafiya ba ya ji. Luba tana kuka tana dariya, ta kira matar mai koya magana ta ɗaga mata salula don ta ji. Ni na tashi na rufe taga, sai na tsaya da hannuna a kai, na sake buɗewa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, uku na rana, cikin jirgi

Da safe ya ce "ruwa". Ya ce "Luba". Ya kira Yaya "Malam", Yaya ya ce na'am, yana ɗaura masa maɓallin riga. Matar ta ce za ta zo Talata, a ci gaba da waƙar kullum, kuma in akwai wasu a kawo, don kowace tana janyo nata kalmomin.

Yaya ya sauko mini da jaka. A cikin asansar, yana kallon lambobi, ya ce shi bai ji komai ba, kuma ra'ayinsa yana nan inda yake. Ya ce Talata da Asabar yakan daɗe a masallaci. In zan kawo sauran, kada in nuna masa.

Kafin nan na shiga yi wa Baba sallama. Kaset ɗin yana cinyarsa, ya rufe shi da tafin hannu. Na durƙusa. Ya daɗe yana haɗa maganar, ina ganin yadda take masa nauyi, na ƙi taimaka masa kamar yadda aka ce mu riƙa yi. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ɗaya-ɗaya," ya ce. Ya huta. "Haka ake yi. Kin iya."

Ya dafa kaina ya sa mini albarka, rabi da baki rabi da hannu. Sannan ya ɗaga yatsa biyu, ya nuna ƙofa, ya nuna ni, wato in kawo na biyu.

Na ce, "To, Baba."